Kogin Mai Fenti

"A'a, dakata. Kai ka kira, amma ni na haife ka, don haka ni zan ƙarasa magana. Na ce a cire takardar nan. Ban ce a gyara ta ba, ban ce a rage mata tsawo ba. A cire."

Inna ta janye wayar daga kunnenta ta riƙe ta can nesa, kamar kifin da aka fara shakkar kwanansa. Ɗanta na fari ne, wanda duk gidan ake ce wa Babba, yake ta zuba daga garin da aiki ya kai shi. Ta bar shi ya zuba iya zubawarsa, sannan ta mayar da wayar kunne.

"Dakta ne ya rubuta? To madalla, Allah ya ƙara masa daktanci. Ya taɓa wanke wa ubanka riga? Ya taɓa jin minsharinsa? Ni shekara arba'in da bakwai ina ji, ba wanda ya ba ni takardar shaida. Me ka ce? Ban gane hoto ba? Eh, ban gane ba. Amma na gane mai hoton."

Ya sake cewa wani abu, gajere.

"To je ka taron naka. Taro ai ba ya ƙarewa."

Ta miƙa wa Auta wayar ta kashe, don ita har yau ba ta yarda da wurin da ake dannawa ba. Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, malamar firamare ce, 'ya'yanta uku, amma a gidan nan Auta ce har gobe. Ta karɓi wayar ta zauna a bakin gado tana kallon ƙasa.

Ga yadda abin ya samo asali. Mijin Inna mai fenti ne, da sunan Mai Fenti ya rayu, da shi ya mutu. In ka shiga unguwar ka tambayi sunansa na yanka, sai mutane su yi ta kallon juna. Allunan shaguna yake rubutawa: na mai aski, na mai facin taya, na kantin magani, da irin wanda ake rubutawa a bango don a hana fitsari, wanda ba ya hana kowa. Shi ya zana kawuna shida masu aski kala shida a ƙofar shagon askin bakin titi, duk shidan suka fito kamar ƙanin Inna, har aka daina gaisawa na wata biyu. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Cikin abin da ya bari akwai wani katako mai faɗin ƙofar kabad. Wani mai gyaran rediyo ne ya sa a rubuta masa allo, da aka gama ya ce ya fasa. Mai Fenti ya juya bayan katakon ya yi kogi a kai. Da gilashin tagar sito ya fashe, Inna ta ɗauko shi ta toshe wurin, kuma ya yi aikinsa tsakani da Allah: damina biyu ko ɗigo bai shiga ba.

Sai Babba ya zo hutu, ya shiga sito neman tsani, ya fito babu tsani, idonsa ya yi ja. Ya ɗauki hoton katakon da waya ya tura wa wani, wanin ya tura wa wani, har ya faɗa hannun wani Dakta mai koyar da zane a kwaleji. Dakta ya zo da mota da barguna biyu, ya naɗe katakon ya ɗauke shi kamar jaririn da bai cika wata tara ba. Aka bar Inna da taga a buɗe da guntun kwali.

Shi hoton, in ka tsaya kusa da shi sai ka rantse kaji ne suka taka fenti suka yi faɗa a kai. Dangwale-dangwale ne da shafe-shafe, babu layi ɗaya miƙaƙƙe. Amma in ka ja da baya har bakin ƙofa, sai kogi ya fito maka, ruwa na tafiya, ga itatuwa a tsallake sun tsoma ƙafa, ga kwalekwale, ga rana tana neman faɗuwa. Inna ba ta taɓa musun yana da kyau ba. Tagar ce dai ta fi buƙatarsa.

To gobe ne za a buɗe nunin hotuna a kwalejin, kogin Mai Fenti na ciki. Babba ya aika wa kowa gayyata: dangin miji, surukai, maƙwabta, har matar da ta daina yi wa Inna magana tun rikicin igiyar shanya. A ƙarƙashin kowane hoto an liƙa 'yar takarda mai bayani, don kada mutum ya kalla ya ga abin da ba a ce ya gani ba. Jiya Auta ta leƙa wurin ta ɗauko hoton takardar a wayarta. Sau biyu ta karanta wa Inna.

"Sake karanta min wajen gidan nan," in ji Inna.

"Inna, na karanta miki fa."

"Kunnena ya tsufa. Sake."

Auta ta ja numfashi ta karanta da muryar aji: "Ruwan tokar da ya lulluɓe kogin, da kwalekwalen da ba kowa a cikinsa, suna ba da labarin mutumin da ya rayu cikin kaɗaici, wanda bai samu mai fahimtarsa ba ko a cikin gidansa, ya riƙa gudu zuwa bakin ruwa don ya samu inda zai ji shiru."

"Ko a cikin gidansa," in ji Inna. "Mu nawa ne a gidan, Auta?"

"Tun da muka watse ai ke da shi ne."

"To ai da sun rubuta sunana sun huta da kewaye-kewaye."

Akwai abin da Inna ta riƙe a baki kamar garwashi, ba ta haɗiye ba, ba ta tofar ba. Shekara shida na ƙarshen rayuwar Mai Fenti, yanar ido ta rufe masa gani. Ba makanta ce ƙirin ba: yana ganin haske, yana ganin launi, amma kamar wanda aka yafa wa jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska. Ranar da ya tabbatar, ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa yaran ba, yana raye ko ya mutu. Ya ce ya san Babba, in ya ji zai saka shi a mota ya miƙa shi ga masu wuƙa, shi kuwa idon da ya shigo da shi duniya da shi zai koma. Ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kwana uku ba ta amsa masa magana. Wannan ce gardama ɗaya tilo da ya taɓa cinye ta a aurensu.

Shi ke nan sai bakinta ya zama idonsa. Gidan dai ya haddace shi, amma in yaran sun zo sai ta ɗaga murya. "Ga Auta nan ta shigo da wannan koren mayafin nata, kai kuma ka zauna kamar ba ka ga mutum ba!" Sai ya ce, "A'a, Auta, koren nan ya karɓe ki." Ko ta ce, "Kofin yana damanka, sai na zuba maka a baki?" Ko, "Ɗaga ƙafa mana, bokiti ne, ba ɗan'uwanka ba." Shi kuwa sai ya ce to, ya ɗaga. Yaran suna fita ƙofa su fara raɗa: Inna ta cika faɗa, Baba ya koma shiru, yana zaune yana kallon bango. Tana jin su ta taga. Ta ƙyale su, don alkawari kaya ne, kuma raɗar 'ya'ya a bakin ƙofa iska ke kwashe ta. Amma takardar da aka liƙa a bango da gam, ga surukai suna karantawa, ga matar igiyar shanya ta sa tabarau, wannan ba iskar da za ta kwashe ta.

"Miƙo min takalmina," in ji ta.

"Ina za mu, Inna?"

"Za mu duba ubanku. An ce yana cikin kaɗaici."

Tasi ya ajiye su a ƙofar kwalejin da rana tsaka. Ɗakin nunin dogo ne, fari fat, babu taga ko ɗaya, sai fitilu a sama kowace ta ƙura wa hotonta ido. Tayil ɗin ƙasa santsi gare shi kamar an shafa masa mai, Inna ta riƙa taka shi da ƙafa a buɗe kamar mai tsallaka rafi. Na'urar sanyi tana hura iskar da ta shiga mata gwiwa kai tsaye. A jikin bango ga hoton wata mata mai ido uku, ga wani kuma baƙi ƙirin ba komai a ciki, shi ma an liƙa masa takardarsa, doguwa kuwa. Can ƙarshen ɗakin, shi kaɗai a bangonsa, ga katakon tagar sito an sa masa firam mai ruwan zinare, an ja igiya a gabansa kada wani ya taɓa.

Inna ta tsaya ta dube shi. Ta ce, "Ka ga an yi masa kwalliya. Ni kuwa kwali yana can yana jiƙa."

Dakta ya taho da sauri yana goge hannu. Mutum ne siriri, tabaraunsa na rataye da zare a wuya, furfurar gemunsa 'yar kaɗan, a jere, kamar wadda aka saya aka dasa. Amma yana da ladabi, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannu da zuwa. Ashe za ki riga kowa. An zo lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, ɗana. Kai ne Daktan? Gwiwar nan tawa tun damina take min ciwo."

Ya yi murmushi. "Ai ni ba irin wannan daktan ba ne, Inna."

"Na lura," in ji ta.

Ya sa aka kawo mata kujera, ta ƙi zama. Ta nuna takardar da haɓa. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba, amma an karanta mata, kuma ta zo ne a cire. Dakta bai ji haushi ba, sai ma fuskarsa ta washe irin ta malamin da ya samu ɗalibi mai gardama. Ya roƙe ta ta dawo baya kaɗan, ta tsaya daidai kan wani ɗan tambari da aka manna a ƙasa, wai daga nan ne hoton yake magana.

"Dubi ruwan, Inna. Kogi ai shuɗi ake yin sa, ko kore. Shi marigayi sai ya lulluɓe shi da ruwan toka tun daga nan har can. Mai zane ba ya zaɓen launi a banza. Abin da ke cikin zuciya shi ke fita ta hannu. Wannan launin mutumin da abu ya danne wa ƙirji ne."

"Wannan launin ƙofar mai facin taya ne," in ji Inna. "Ya ce a yi masa ƙofa biyu, aka yi ɗaya ya ce ta isa, rabin gwangwani ya rage. Mijina bai taɓa zubar da fenti a kwata ba, abin da ya rage a gindin gwangwani nasa ne. Je ka sito ka gani, sun fi talatin a jere. Koren can na kantin magani ne. Ɗan shuɗin nan na bangon makarantar su Auta ne. Da mai facin taya rawaya ya so, da kogin nan rawaya ne, da yanzu ka rubuta mijina ya mutu yana dariya."

Dakta ya sake duban katakon. Ya ɗora tabarau a hanci, ya zaro ɗan littafi daga aljihu.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Ragowar wasu. Mutumin da bai taɓa samun launin kansa ba, sai abin da duniya ta rage masa." Ya rubuta.

Inna ta dubi Auta. Auta ta dubi hoton matar nan mai ido uku.

"To dubi hannun," in ji Dakta, ya matsa har cikinsa ya taɓa igiya. "Mutumin da ya shekara arba'in yana ja wa mutane layi miƙaƙƙe kamar da zare. A nan kuwa ko ɗaya babu. Dangwalawa yake yi, yana sara, yana ɗagawa. Hannu ne da ya gaji da biyayya."

"Buroshi ne da ya gaji da rashin kananzir. Ya manta bai jiƙa shi ba ya kwana uku, ya ƙandare kamar tsohuwar tsintsiya. Ba ya shafuwa, sai dai a dangwala. Na ce ya yar, ya ce ai bai mutu ba."

"Bai mutu ba," Dakta ya maimaita, alƙalaminsa na gudu. "Ya ƙi rabuwa da abin da ya bushe, saboda yana ganin kansa a—"

"Kananzir dai, ɗana."

"Kwalekwalen fa, Inna? Kogi guda, ba masunci, ba mai wanki, ba yaro ko ɗaya. Jirgi a ɗaure ba kowa a ciki. Me ya hana shi ya sa mutum?"

"Tsoron Allah. Jirgin na wani mai ɗiban yashi ne, gindinsa ya ɓule, shekara uku yana nan a ɗaure kwaɗi na haihuwa a ciki. In ya sa mutum ai ya yi ƙarya, mutumin kuma ya nutse."

"Jirgin da ba zai sake tafiya ba," in ji Dakta. Ya buɗe sabon shafi.

A nan Inna ta gane cewa duk dutsen da ta jefa, bawan Allahn nan cafewa yake ya ƙara a gininsa. Ta shigo takardar tana da layi huɗu, in ta ƙara rabin awa a ɗakin nan sai an nemo babban allo. Ta zauna a kujerar da ta ƙi ɗazu, ta kama gwiwa.

Auta ta matso ta tsuguna a gefenta. Ta rage murya yadda Dakta ba zai ji ba, shi kuwa ya juya baya yana yi kamar yana gyara igiya.

"Inna, ya aka yi kika san jirgin nan har da kwaɗinsa?"

"Ana faɗa."

"Inna." Auta ta murza bakin mayafinta. "Don Allah kada ki ji haushi. Ni fa na tuna Baba a shekarun nan. In na zo sai in same shi a kujera ya zuba wa bango ido, rediyo na yi ba ya ji. In na nuna masa hoton yara a waya sai ya ce masha Allah ya miƙo min, ko dubawa bai yi ba. Ke kuma kina ta... kin dai san yadda kike. Ni ban ce komai ba. Amma da na karanta takardar nan jiya ban yi barci ba. Inna, Baba ya ji daɗin zama kuwa?"

Inna ta dubi 'yar da ta goya shekara biyu da rabi saboda ƙiwa. Ta ji garwashin nan ya motsa a bakinta. Ta ce, "Tashi, tayil ɗin nan da sanyi, kya kama mura."

Sai wayar Auta ta yi ƙara. Babba ne, taron ya ƙare ke nan. Da ya ji inda suke sai ya ce a sa shi a sifika. Auta ta danna ta ɗora wayar a hannun kujera, muryarsa ta cika dogon ɗakin nan har tana dawowa daga bango.

Ya fara da ba Dakta haƙuri, wai a yi wa tsufa uzuri. Sannan ya juyo kan Inna. Ya ce shi ba yaro ba ne, furfura gare shi, kuma lokaci ya yi da za a daina rufa-rufa a gidan nan. Ya ce duk sanda ya kira waya da yamma a shekarun nan ba a ɗauka, in ya sake kira da magariba sai Baba ya ce yana bakin kogi. Kullum bakin kogi. Mutum mai gida da mata, me zai kai shi bakin ruwa kowace yamma in ba gudun wani abu yake ba? Ya ce shi da kunnensa ya ji ana yi wa Baba tsawa a kan kofin shayi, a gaban jikoki. Ya ce ba ya zargin kowa, Allah ya gani, uwa uwa ce. Amma Baba bai samu ya yi magana ba yana raye, yanzu hotonsa ya yi, ba kuma wanda zai toshe masa baki karo na biyu kamar yadda aka toshe taga da shi. Takarda tana nan daram.

Auta ta sa bakin mayafi a ido. Inna ba ta motsa ba, tana kallon wayar kamar yadda ake kallon akuyar maƙwabta a cikin shuka.

Dakta ya ga abin ya wuce zane ya shiga gida. Ya yi gyaran murya. Da nufin sulhu ya yi, amma irin sulhun mai ilimi, wanda sai ya nuna shi ne da gaskiya tukuna.

"Inna, ni ba don in ɓata wa kowa rai na rubuta ba. Da toka da jirgi ne kawai, wallahi da na sassauta. Akwai abin da ban ma sa a takardar ba. Taso ki gani."

Ya cire igiyar da hannunsa, ya kai Inna har gaban katakon, ya zaro wani gilashi mai ƙara girman abu ya kara a gefen dama, can bakin gaɓa, ƙarƙashin wata itaciya. Wani ɗan jan ɗigo ne, bai fi kan babban yatsa ba, ya yi tudu a kan katakon.

"Duk hoton nan babu ja sai wannan. Kuma dubi kaurinsa. Ko'ina shafa ɗaya ya yi ya wuce, nan kuwa na ƙirga ya fi sau goma sha biyar yana dawowa, ya bushe ya ƙara, ya bushe ya ƙara. Ba fure ba ne, ba wuta ba ce, ba shi da siffar komai. Duk inda idonka ya zaga a kogin nan, nan yake dawowa. Mu a iliminmu, in mai zane ya kasa barin wuri ɗaya haka, to nan ciwon yake. Wannan miki ne, Inna. Mikin da ya mutu da shi bai faɗa wa kowa ba."

Daga cikin wayar Babba ya ce to, an ji dai.

Inna ta ture gilashin gefe, don ba ta buƙatarsa. Ta daɗe tana kallon ɗigon. A ranta ta ce wa Mai Fenti ya yi haƙuri, ta riƙe masa shekara takwas, in yana da ƙorafi ya ajiye har ta iso. Amsar da ta bayar ita ta kashe maganar: Babba bai sake cewa uffan ba har wayar ta mutu don kanta, takardar kuwa Dakta da farcensa ya ɓamɓare ta kafin su kai bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, ko juyowa ba ta yi ba.

"Wannan ba miki ba ne, ɗana, ni ce. Ubanku shekara shida ba ya gani, ya sa na rantse, yau kun sa na karya, ku raba alhakin ku uku. Kai mai furfura na cikin waya, wa kake tsammani yake tsallakar da shi titi biyu kowace yamma, da katako a kaina da gwangwanaye a hannu? In na zaunar da shi sai in koma can gindin itaciyar, don ya ce daga nan ne yake iya hango ni. Fuska ba ya gani, ja kawai ya rage masa da ƙarfi. Shekara shida ina yawo da jan mayafi kamar motar kashe gobara, ni da ja bai taɓa karɓa ta ba, kuna cewa tsufa ya sa ni son ado. In ya ɗaga kai bai ga ja ba sai ya hau ƙwala min kira har masu wanki su juyo. Sau goma sha biyar ɗin da ka ƙirga kuwa, ni ce ba na zama wuri ɗaya, ga cinnaku. In na gusa ya ce na ɓata masa kogi, in ce kogin ubansa ne, ya sake dangwalawa. Shirun da aka ce ya je nema, Allah na tuba, ko na minti ɗaya bai samu ba. Amma ku ne masu ilimi. In miki kuka ga dama ku rubuta, ku rubuta. Sai dai ku ƙara a ƙasa cewa mikin yana nan da ransa, kuma gobe tun safe zai zo da jan mayafinsa, ya ja kujerar nan ya zauna a ƙarƙashin hoton, duk wanda ya shigo ya yi masa bayani da bakinsa."